Yadda Alƙahira Ta Zama Bakin Larabawa

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda yake son jin babban mawaƙi a ƙasar Masar yawanci sai ya wanke ƙafa ya je inda yake. Attajiri ne zai yi bikin ɗa ko 'ya, a kafa rumfar zane a tsakiyar unguwa, a kunna fitilu, a ɗauko mawaƙi da makaɗansa huɗu ko biyar. Akwai mai udu, wato molon Larabawa mai ƙaton ciki. Akwai mai ƙanun, wani faffaɗan katako mai tsirkiya da yawa da ake ɗorawa a cinya. Ga mai sarewa, ga mai goge, ga mai ɗan bandiri. Wannan ƙungiya ita suke kira takht. Ba a gaggawa. Mai udu zai fara lalubo hanya shi kaɗai, mawaƙi ya yi ta jan murya yana kiran dare, sannan a shiga baitoci. Zubi ɗaya, wanda suke kira wasla, yakan kai sa'a guda, kuma a dare ɗaya akan yi zubi har uku. Masu sauraro ma da su ake aikin. In baiti ya ratsa su sai su ɗaga murya da ambaton Allah, su roƙi a maimaita, shi kuwa mawaƙi ya maimaita ta wata fuskar da ba su zata ba. In gari ya waye shi ke nan, waƙa ta bi iska, sai abin da ya saura a kunnen waɗanda suka halarta.

Cikin shekara ashirin da ke tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, daga 1919 zuwa 1939, wannan tsari ya juya gaba ɗaya, kuma na'urori uku ne suka juya shi: garmaho, silima da rediyo.

Garmaho ne ya fara isowa. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin waje suka buɗe shago a Alƙahira, irin su Gramophone na Ingila da Odeon na Jamus. Sai Baidaphon na wasu 'yan'uwa 'yan Labanan da ke buga faya-fayansu a Balin, da kuma Mechian, ɗan ƙaramin kamfanin wani Ba'armeniye mazaunin Alƙahira. Amma bayan yaƙin ne kasuwar ta buɗe sosai, har garmaho ya zama kayan aikin mai gidan gahawa, kamar butar shayi da kujeru. Wanda ya taɓa ganin garmaho ya san siffarsa: akwati ne mai mariƙi a gefe, a yi ta murɗawa har ya ɗaure, a ɗora baƙin faifai, a sauke allura a bakinsa a hankali, sai murya ta fito ta wani ƙaho mai faɗin baki tana haɗe da ƙarar sosawar allura. Ɗaukar muryar ta fi haka wuya. Kafin 1925 babu makirufo a aikin. Mawaƙi yakan tsaya ne gaban ƙaton ƙaho ya cusa muryarsa ciki, ƙarfin muryar ne ke girgiza allurar da ke zana layi a kan kakin zuma. In zai ɗaga murya sai ya ja baya, in zai sassauta sai ya matso. Makaɗa kuwa a cunkushe suke a bayansa, kowa na neman kusa da bakin ƙahon.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Fuska ɗaya ta faifai ba ta ɗaukar fiye da minti uku zuwa huɗu. Ka ɗauki mutumin da ya saba sai ya yi rabin sa'a kafin muryarsa ta yi ɗumi, ka ce masa ya fara ya gama cikin minti uku, ba mai sauraro a gabansa, ba mai cewa a maimaita. Tsofaffin mawaƙa da yawa abin ya gagare su. Waɗanda suka yarda sai aka yanka musu wasla gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a faifanta. To, in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Wata gajeriyar waƙa mai amshi da ake kira ɗaƙɗuƙa, wadda a da mata ke yi a cikin gida lokacin biki, ita ta dace da awon faifai, sai ta mamaye kasuwa a shekarun 1920. Da ita ne mata mawaƙa suka fito fili. Babbarsu a lokacin ita ce Munira al-Mahdiyya, wadda Baidaphon ke buga wa faifai, tana da gidan gahawarta da ƙungiyar wasan kwaikwayonta, har ana yi mata kirari da sarauniyar waƙa. Masu ra'ayin mazan jiya sun yi ta kuka a jaridu cewa waƙa ta lalace, ta koma zancen batsa da wasa. A kan wasu waƙoƙin suna da gaskiya. Sai dai talaka da bai taɓa samun gayyata zuwa rumfar attajiri ba, yanzu da kuɗin kofin gahawa yana jin abin da attajirin ke ji.

Wanda ya fara gane amfanin wannan sabuwar hanya shi ne Sayyid Darwish. An haife shi a Iskandariya a 1892, ya yi karatun addini, ya yi leburancin gini, sannan ya shiga waƙa. Waƙoƙinsa na masu ɗebo ruwa ne, da 'yan dako, da ma'aikatan da ke sammakon fita neman abinci, cikin Larabcin titi wanda kowa ke ji. A watan Maris na 1919 Turawan Ingila suka kama jagoran masu neman 'yanci, Sa'ad Zaglul, suka kai shi tsibirin Malta, ƙasa ta ɗauki wuta. Mafi yawan Misirawa a lokacin ba su iya karatun jarida ba, amma kowa na da kunne. Da masu tace labarai suka matsa a kan ambaton sunan jagoran, sai Darwish ya yi wa wata waƙar tallar dabino kiɗa. Akwai wani irin dabino a Masar da sunansa zaglul, sai aka yi ta yabon dabinon, kowa kuwa ya san wanda ake nufi. Jarida ana iya hana ta fitowa, amma waƙar da ta riga ta shiga bakin yara ba ɗan sandan da zai iya kamo ta. Darwish ya rasu a Satumbar 1923 yana da shekara 31 kacal, a daidai kwanakin da Zaglul ke dawowa daga kora ta biyu. Wani karin da ya tsara shi ne Masar ta mayar taken ƙasarta a 1979.

A wajejen wannan shekara ta 1923 wata yarinya 'yar ƙauye ta tare a Alƙahira tare da mahaifinta da wanta. Sunanta Ummu Kulsum, daga ƙauyen Tamay az-Zahayra a yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. Mahaifinta, Shehu Ibrahim, limamin ƙauye ne, yana ƙara abin masarufi da yin madahu a bukukuwa da mauludi. Ta yi makarantar allo irin tasu, ta koyi fitar da harafi daga mafitarsa, ta haddace waƙoƙin yabon Annabi tana saurare daga gefe lokacin da ake koya wa wanta. Da uban ya ji ƙarfin muryarta sai ya riƙa fita da ita, yana sa mata riga da ƙyallen kai irin na samari don gudun maganar mutane. Haka suka yi shekaru suna bin ƙauyuka, a ƙafa, a kan jaki, a jirgin ƙasa.

A birni an yaba muryar, an raina shigar. Mujallun wasanni da suka fara yawa a lokacin, masu buga hotunan mawaƙa da gulmarsu, sun yi ta zolayar kayanta na ƙauye da 'yan amshinta masu rawani. Ba ta ja da baya ba. Ta zauna gaban Shehu Abul Ila Muhammad ta koyi rera ƙasidun Larabci na asali, ta haɗu da marubuci Ahmad Rami wanda ya riƙa kawo mata littattafan waƙa yana kuma rubuta mata. A 1926 ta yanke shawarar da ba ta da sauƙi ga 'yar malam: ta sallami 'yan'uwanta daga dandali, ta ɗauki takht na ƙwararru, har da Muhammad al-Ƙasabji mai udu da Sami ash-Shawwa mai goge. Ta fara buga faifai da Odeon, daga baya ta koma Gramophone, kuma ta yi suna wajen tsayawa a kan farashinta. Abin da ya sa faifanta ya yi fice, a ganina, tun daga makarantar allo ta taho da shi. Garmahon wancan zamani yana cinye haruffa, yana haɗa sin da sad, yana binne ƙarshen kalma cikin ƙarar allura. Muryar da ta sha tajwidi kuwa kowane harafi nata a tsaye yake. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Darwish, da Zakariyya Ahmad wanda ya tsara mata waƙoƙi da yawa, da wasu manyan zamanin, duk ta gaban malaman Alƙur'ani suka biyo, shi ya sa ake kiran wasunsu da shehu har suka mutu.

Malamai ba su zuba wa waɗannan abubuwa ido ba. Tun 1906 Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda daga baya ya zama muftin Masar, ya rubuta ɗan littafi a kan hukuncin karatun da ke fitowa daga garmaho. Tambayoyin masu nauyi ne. Wanda ya ji ayar sujada daga faifai zai yi sujada? Yaya matsayin faifan da aka zuba wa Alƙur'ani in ya faɗa hannun wanda ba ya girmama shi? Silima ma ta zo da nata. A 1926 labari ya fita cewa wani kamfanin waje na shirin fim a kan rayuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma fitaccen ɗan wasa Yusuf Wahbi ne zai fito a matsayinsa. Azhar ta tashi tsaye, fadar Sarki Fu'ad na Masar ta yi masa kashedi mai tsanani, ya janye ya ba da haƙuri. Daga nan aka kafa iyakar da silimar Masar ba ta ƙetare ba har yau, wato ba a nuna siffar annabawa.

Akwai wani aikin na wannan zamani da ba a cika haɗa shi da labarin na'urori ba, alhali ya fi su duka isowa gidajenmu. A 1924 aka fitar da mus'hafin da kwamitin malamai ya tsara a Alƙahira bisa umarnin Sarki Fu'ad, domin kwafe-kwafen da ake shigowa da su makarantu suna da kurakuran ɗab'i. Kwamitin ya bi ruwayar Hafsu daga Asim, ya daidaita rubutu, da alamomin tsayawa, da lambar ayoyi. Injin ɗab'i ya yi sauran aikin, domin abin da aka buga dubbai a farashi mai sauƙi shi zai cika masallatai. Mu nan ƙasar Hausa Warshu muka gada, da shi alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ka, da tawadar gida da alƙalamin kara. Yau in ka shiga Islamiyya za ka ji yara na karanta Hafsu daga bugaggen mus'hafi, in ka leƙa tsangaya ka ji Warshu daga allo. Dalilan wannan suna da yawa, amma ɗaya daga cikin jijiyoyinsa yana komawa ga wancan bugu na Alƙahira.

Saurin da abubuwa ke canjawa ya tayar da hankalin masana kiɗa har aka kira taro. A watan Maris na 1932 Sarki Fu'ad ya karɓi baƙuncin babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira. Makaɗa sun zo daga Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Siriya da Iraƙi, masana sun zo daga Turkiyya da Turai, cikinsu har da Bela Bartok na Hangari da Paul Hindemith na Jamus. An yi ta muhawara a kan ko za a shigar da fiyano cikin kiɗan Larabawa, alhali fiyano ba shi da ƙananan gaɓoɓin sauti da ke tsakanin amo da amo, waɗanda su ne gishirin karin Larabawa. Da yawa daga cikin Misirawa suna son a sabunta, a rubuta kiɗa a takarda, a faɗaɗa ƙungiya. Da yawa daga cikin baƙin Turai kuwa roƙo suke a bar tsohon yadda yake. Ba a tashi da matsaya ɗaya ba. Amma wani kwamiti ƙarƙashin ɗaya daga cikin masanan, Robert Lachmann, ya zauna ya ɗauki kiɗa da waƙa sama da 300 a faifai daga bakin ƙungiyoyin da suka halarta. Na'urar da ake zargi da kashe tsohon kiɗa, ita ce ta adana mana muryoyin tsofaffin da suka zo taron.

A wannan shekarar ce kuma fim ɗin Masar ya fara magana. An riga an yi na bebaye, irin su Laila na Aziza Amir a 1927. Da sauti ya zo, sai aka ga abin da jama'a ke so shi ne waƙa. A 1933 Muhammad Abdul Wahab, babban abokin gasar Ummu Kulsum, ya fito a fim ɗin Al-Warda al-Baida, aka yi ta cika gidajen silima ana komawa. Shi Abdul Wahab mutumin makirufo ne. Ya gane cewa da wannan na'ura ba sai ka tsage maƙogwaro ba, kana iya waƙa kamar mai raɗa a kunnen masoyi. Ya ƙara yawan masu goge, ya ɗebo kari daga kiɗan Turai da na Latin Amurka ya zuba cikin nasa. Wasu sun ce ya gurɓata gado, wasu sun ce ya raya shi, kuma har yau ba a gama wannan gardama ba.

Sai dai waɗannan finafinai na farko a Faris ake ɗaukar sautinsu, domin babu kayan aikin a gida. Wanda ya toshe wannan ɓaraka ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin kuɗi ne. Tal'at Harb ya kafa Bankin Misr a 1920 da sharaɗin cewa Misirawa ne kawai za su mallaki hannun jarinsa, kuma da Larabci za a riƙa rubuta lissafinsa. Daga ribar bankin ya yi ta kafa kamfanoni, na saƙa a Mahalla, na jirgin sama, na ɗab'i. A 1925 ya kafa na wasan kwaikwayo da silima, ya tura matasa Faransa da Jamus su koyo aikin, a 1935 kuma ya buɗe Studio Misr a Giza, kusa da dalar Fir'auna. Fim na farko da ya fito daga can shi ne Widad a 1936, labarin wata kuyanga mawaƙiya a zamanin Mamluka, kuma Ummu Kulsum ce ta fito a ciki. A nan nake ganin sirrin abin yake. Garuruwa da yawa suna da mawaƙa masu murya, Bagadaza da Halab da Tunis ba su rasa gwanaye ba. Abin da Alƙahira ta fi su shi ne ta samu mutumin da ya ce ɗakin ɗaukar sautin ma namu zai zama. Daga nan finafinan Masar suka bi jiragen ruwa da na ƙasa zuwa Bairut, Dimashƙa, Bagadaza da biranen Magrib, har ya zama yaron da bai taɓa taka Masar ba yana jin Larabcin titin Alƙahira kamar na unguwarsu.

Rediyo ya shigo ne a hargitse. Daga tsakiyar shekarun 1920 'yan kasuwa suka riƙa kafa ƙananan tashoshi a ɗakunan bene, wasu da sunan 'ya'yan sarki, suna tallar hajarsu, suna sa faifai, wani lokaci suna zagin juna a iska. Gwamnati ta rufe su duka a ƙarshen watan Mayu na 1934, ta ba kamfanin Marconi na Ingila kwangilar gudanar da tasha ɗaya ta ƙasa. Ranar 31 ga Mayu, 1934, da yamma, mai gabatarwa Ahmad Salim ya buɗe baki ya ce nan Alƙahira ce. Sannan aka ba makirufo ga wani makaho mai shekara 52.

Shehu Muhammad Rif'at ya rasa ganinsa tun yana ɗan ƙaramin yaro, ya haddace Alƙur'ani da wuri, ya yi shekaru yana karatu a masallacin Fadil Basha da ke unguwar Darb al-Gamamiz, inda mutane ke cika har waje ranar Juma'a. Da aka nemi ya buɗe tashar bai amsa nan take ba. Tsoronsa shi ne akwatin rediyo ba ya zaɓen ɗaki, zai kai maganar Allah har wuraren da ake shagala da abin da bai dace ba. Sai da ya nemi fatawa a Azhar aka ba shi, sannan ya zo ya buɗe da Suratul Fathi. Wanda ya taɓa jin karatunsa ya san ba mai ƙarfin murya ba ne irin na masu cika fili. Murya ce siririya mai taushi, mai tsayawa inda ma'ana ta tsaya, in ya zo ayar rahama ka ji sanyi, in ya zo ta azaba ka ji kamar shi ma kuka zai yi. A babban taro irin wannan murya ba ta wuce sahun gaba. Makirufo ya ɗauke ta ya kai ta har ƙauyukan kudancin Masar. Daga kansa ne karatun Alƙur'ani ya zama ginshiƙin shirye-shiryen rediyon, kuma ta ƙofar da ya buɗe ne su Mustafa Isma'il, Husari, Minshawi da Abdul Basit suka biyo, waɗanda kaset ɗinsu ya cika kasuwanninmu daga baya.

Ummu Kulsum ma ta yi waƙa a farkon buɗe tashar. Amma babban abin ya zo ne a 1937, lokacin da aka fara watsa wasanta kai tsaye daga zauren taro, a daren Alhamis ta farkon wata. A nan ne abin da garmaho ya ƙwace, rediyo ya maido. Ba allurar da za ta kai ƙarshen faifai. Tana tsaye da ƙyallen hannunta, makaɗa na zaune a bayanta, jama'a na gabanta. In ta kai wani baiti suka yi sowa sai ta juyo da shi, ta sake juyo da shi, kowane juyi da launinsa, kuma makirufo na ɗaukar har da kururuwar masu roƙon a maimaita. Akwatin rediyo yana da tsada a lokacin, ƙauyuka da yawa ba lantarki, don haka sauraron na taro ne. Mai gahawa zai ɗora akwatin a kan kanta, ya jera kujeru har bakin titi, mai gida ɗaya a layi ya buɗe taga don maƙwabta. Rumfar attajirin nan ta da ce ta dawo, sai dai yanzu faɗinta ya kai ƙasa guda, daga baya ma ya haɗa ƙasashe. Ta riƙe wannan al'ada har farkon shekarun 1970.

Ba kowa ne ya ci riba ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Munira al-Mahdiyya ta gwada fim a 1935 bai karɓu ba, tauraronta ya dusashe tana raye. Mawaƙin ƙauye da ke cin abinci da bukukuwa ya wayi gari ana auna shi da muryar da ke fitowa daga akwati. Tasha ɗaya ce, kwamiti ɗaya ke zaɓen wanda za a ji, wanda bai yi musu ba kamar babu shi. Ƙaramin takht mai barin kowa ya nuna gwanintarsa ya fara ba da wuri ga babbar ƙungiya mai bin abin da aka tsara. Karin waƙa iri-iri na yankuna kuwa suka koma gefe, ana kiransu na gargajiya.

Manyan ƙasashe sun lura da abin da ke faruwa a gidajen gahawa. Italiyar Musolini ce ta riga kowa, ta fara watsa shiri da Larabci daga garin Bari a 1934, tana haɗa waƙa da labaran sukar Ingila. Ita ce ƙasar da ta rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, amma a 1937 Musolini ya je Tarabulus aka miƙa masa takobi yana kiran kansa mai kare Musulunci. Ingila ta ga ana janye mata jama'a, sai BBC ta buɗe sashen Larabci ranar 3 ga Janairu, 1938, wanda shi ne sashenta na farko mai watsa shiri da harshen ƙasashen waje. Mai karanta labaran farko, Ahmad Kamal Surur, daga rediyon Alƙahira aka ɗauko shi, kuma cikin labaran ranar har da na wani Bafalasɗine da hukumar Ingila ta zartar wa hukuncin kisa saboda mallakar makami. Jamus ta biyo baya a 1939 da muryar Yunus Bahri ɗan Iraƙi daga Balin. Kowace tasha ta san ba za a saurari siyasarta ba sai ta fara sa karatun Alƙur'ani da waƙar da mutane ke so, kuma mafi yawan wannan kaya daga Masar yake. Wannan gasa ta ƙarfafa al'adar manyan ƙasashe su yi wa mutane magana da harshensu ta gajeren zango, al'adar da ta iso gare mu da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957.

Da yaƙi ya ɓarke a Satumbar 1939, an riga an gama gina gidan. Tal'at Harb ya bar shugabancin bankinsa a shekarar, ya rasu a 1941, amma Studio Misr ya ci gaba da fitar da finafinai. Rediyon ya fita daga hannun Marconi ya koma na Misirawa a 1947.

Shi kuwa Shehu Rif'at, a 1943 wata cuta ta kama masa maƙogwaro, shaƙuwa mai tsanani ta riƙa yanke masa karatu, har ya daina fita. Masoyansa sun tara kuɗi don a yi masa magani, ya ƙi karɓa. Ya rasu a watan Mayu na 1950. Kai tsaye yake karatunsa a rediyo, kuma bai kasance mai son a buga muryarsa a faifai ana sayarwa ba, don haka da ya tafi sai aka duba aka ga abin da ke ajiye kaɗan ne. Ashe akwai wani mai hali, Zakariyya Basha Mahran, wanda ya sayi na'urar ɗaukar sauti ya ajiye a gidansa kusa da akwatin rediyo. Duk lokacin da Shehu zai yi karatu sai ya zauna ya ɗora faifai, in ya cika ya sauya wani. Bayan rasuwarsu ne aka tattara waɗannan faya-fayai da na wasu masoya irinsa aka kai gidan rediyo. Ba su cika Alƙur'ani duka ba, kuma za ka ji ƙarar allura a cikinsu, amma mafi yawan abin da ake sawa na Rif'at a yau gab da shan ruwa a watan azumi daga cikinsu ya fito.

Mai karatu, in akwai tsohon faifai ko kaset a cikin adakar gidanku, na wani alaramma ko mai wa'azi ko mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya, kada ka bari zafi da ƙura su cinye shi. Ka nemi wanda zai juye maka shi tun yana jiyuwa.